Yadda Aka Cike Raminmu a Cikin Kwamfuta

Jama'a, yau da safe na faɗa rami. Ba baƙon rami ba ne, namu ne na ƙofar gida, wanda masu kawo saƙo ke kwatancen gidanmu da shi. Na fito ina tura babur zan je in kama layin mai, hankalina duk yana kan ko zan samu gaba-gaba, sai kawai na ji ƙasa ta ƙare. Babur ya yi nasa wuri, ni ma na yi nawa. Maƙwabcina mai faci ya leƙo daga sama ya ce, "Sannu Malam. Amma dai ka san a hukumance ba ka faɗi ba ko?" Na ce na sani, ya dai miƙo hannu.

Gaskiya ya faɗa. A hukumance an cike ramin nan tuntuni, kuma 'yar cikina ce ta cike shi. Wasunku sun daɗe suna damuna in yi rubutu kan abubuwan amfani da ke intanet ga matasan da ke son yin fim da ƙarfin kansu. To, ga amfanin nan, na gani da idona, na kuma ji a gwiwata.

Autata ta gama karatu, aiki ya ce bai san zancen ba. Rannan ta wayi gari ta ce fim za ta yi. Na ce da wace kyamarar? Ta ɗaga waya. Na ce wa zai koya miki? Ta sake ɗaga wayar. Ashe da gaske take. Akwai wani mai gemu a can wata ƙasa mai sanyi da ke koyar da yadda ake haska fuska da fitilar tebur da farin zani, kyauta. Akwai manhajar haɗa fim, kyauta, sai dai tana sa tsohuwar kwamfutar yayanta huci kamar ta yi gudu. Akwai shafin da aka tara sauti iri-iri, ƙarar ƙofa, takun sawu, kukan jariri. Wata rana uwar yara ta fito da gudu tana kwashe shanya, ashe Auta ce ke gwada ruwan sama a ɗaki. Akwai kuma wani zaure da masu fim na duniya ke taruwa, ka jefa tambaya da safe, kafin azahar wanda bai san ka ba ya amsa maka, bai ce ka dawo gobe ba, bai ce oga ya fita ba. Wannan shi ya fi ba ni mamaki.

Ta ɗauki ɗan gajeren fim ɗinta a layinmu. Labarin wata mata ce da ke jiran ɗanta ya dawo daga tafiya. Akwai inda matar ke fitowa ƙofar gida tana hangen hanya, ramin kuma yana bayanta, ya fito ras da shi.

Ku gane, ramin nan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Da zarar ruwa ya sauka sai ya cika ya tumbatsa, ya biyo zaure ya shigo mana ɗaki ba sallama. Bara a kan kujeru muka ɗora katifa. Mun yi zarya zuwa ofisoshin hukuma har takalma suka cinye, sai bana Allah ya sa aka dube mu. Wasu bayin Allah suka zo da igiyar awo, suka zagaye ramin da jan fenti, suka ce kafin damina za a cike. Har addu'a muka yi musu.

Ana nan sai Auta ta ga wata gasar ƙananan fina-finai a intanet. Sharaɗinsu ɗaya, a haɗo da shaidar cewa hukumar garinku ta yarda da ɗaukar. Na sa babbar riga na raka ta Ofishin Kare Martabar Gari a Idon Baƙi. Eh, akwai shi. Hawa na biyu, kusa da inda famfo ya fashe.

Mai Girma Babban Mai Dubawa, Allah ya ƙara masa lafiya da faɗin kujera, ya kalli fim ɗin yana danna wayarsa. Matar ta yi kuka bai ɗago ba. Sai da aka zo ƙofar gida ya ce a tsaya.

"Wannan mene ne?"

Na ce, "Rami ne, ranka ya daɗe."

"Baƙi za su kalli wannan?"

Auta ta ce, "In Allah ya sa an zaɓe shi, Yallaɓai."

"To a cire."

Ta ce, cikin ladabi, ai an kusa cikewa, in an cike sai ta sake ɗauka. Ya dube ta da tausayi irin na manya. "'Yata, cikewa ba aikin wannan ofishin ba ne. Mu cirewa muke yi."

Yarinya ta dawo gida ta sha kukanta, sannan ta jefa tambaya a zauren nan nasu. Wani ya turo mata darasin yadda ake goge abu daga hoto mai motsi. Matsala ɗaya, dole ta samu lafiyayyar kwalta da za ta liƙa a gurbin ramin, ta kuma zaga unguwa da waya ba ta samu ko taku biyar a jere ba. Ƙarshe daga wani shafin hotuna na kyauta ta sauko da kwaltar wata ƙasa. Ta zauna ta shimfiɗa ta, ta gyara inuwa, har da ɗan farin layi a gefe. Wallahi aiki ya yi kyau. Da ta nuna wa mai faci, sai da ya zauna a kan taya ya dafe kai. Ya ce, "In titi ya koma haka, ni kuma in ci me?"

Muka koma. Mai Girma ya ga titi sumul, ya miƙe tsaye ya ce, "Kun gani? Da ma garin nan yana da kyau, masu ɗauka ne ba su iya ba." Ya buga hatimi da hannunsa mai albarka, ya ce a bar masa kwafi ɗaya don ajiya.

Ashe ajiyar a talabijin za a yi ta. Muna zaune da yamma aka sako shirin ayyukan da aka kammala bana, da kiɗa mai taushi. Sai ga ƙofar gidana. Sai ga matar fim tana hangen hanya, mai sharhi yana cewa ga wata baiwar Allah ta fito tana kallon sabon titi, farin ciki ya sa ta hawaye. Uwar yara ta ce, "La ilaha illallahu!" ta leƙa waje don ta tabbatar. Ramin yana nan, har akuya ta kwanta a ciki.

Washegari muka ɗunguma da mai faci da dattawan layi zuwa wurin Mai Girma na biyu, wanda tituna ke ƙarƙashin kulawarsa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce ya san godiya muka zo yi, ba sai mun wahalar da kanmu ba. Na ce ranka ya daɗe, ramin fa yana nan. Ya juyo da kwamfutarsa ya kunna mana fim ɗin 'yata.

"Malam, kai dattijo ne. Gani ya kori ji."

Na ce, "To a zo a gani mana."

"Ai mun gani. Kuma ko na so zuwa, direbana ya ce mota ba ta shiga layinku."

Ya ƙara da cewa tsakuwar da aka ware mana an kai ta inda ake da buƙata, tunda mu Allah ya rufa mana asiri. Muka yi godiya, don ba a fita ofishin manya ba godiya. Garin neman gira mun rasa ido.

Tun daga ranar layi ya juya wa Auta baya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Yara na kiranta Injiniya, matan layi kuma in ta gaishe su sai su ce ta zo ta goge musu bashin kanti. Ta daina fita. Wannan kam ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don yarinyar nan ba ta cuci kowa ba. Abin da aka ce ta yi ta yi, laifinta kawai ta iya.

Jiya sai ga kira daga Mai Girma na farko. Ta sa a lasifika ina ji. Ya ce an yaba da aikinta a sama, ana so ta zo ta taimaka, akwai sauran wurare da ke buƙatar irin wannan gyara. Ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, na tuba da aikin titi." Na zaci zai yi fushi. Ina! Dariya ya yi. Ya ce, "Ba komai 'yata. Turo mana adireshin shafin da kika koya, akwai ɗan ƙanwata yana zaune ba aiki. Kyauta ne ai, ko?"

Kyauta ne, jama'a. Kowa na iya koya.

Yanzu dai hadari ya fara haɗowa ta gabas, uwar yara na can tana cika buhuna da yashi tana jerawa a bakin zaure, ni kuma an ce kada in taka ƙafar nan sai kumburin ya sace. Mai faci ya shigo duba ni ɗazu, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin asibitin unguwa ne na gaba a gyara. Saboda haka in kun gan shi a talabijin yana sheƙi, da gadaje sababbi da likita yana murmushi, ku taya mu murna, amma kada wanda ya kuskura ya yi rashin lafiya.