Dabinon da Ban Ci Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata la'asar a kwarin dabino, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin na haura arba'in, ina koyar da Faransanci a wata koleji a Gure, matata ta rasu, gida ya yi mini faɗi kamar rigar aro. Sai Allah ya haɗa ni da Falmata, bazawara mai ɗinki a bayan tasha, mace mai ƙarancin magana, wadda in ta dube ka sai ka shafa wuyan riga ka ji ko ka ɓalla maɓalli. Muka daidaita. Saura in je in gaida danginta kafin in tura manya.

Akwai abu ɗaya da ban gaya mata ba. Watannin baya lokotoro, wato likita, ya duba jinina, ya cire tabarau, ya ce ciwon suga ne, kuma ba na wasa ba. Ya hana ni shayi mai sukari, ya hana ni lemo, da ya zo kan dabino har da ɗaga yatsa. Falmata kuwa mijinta na fari ya daɗe a kwance kafin ya cika, ita ta yi jinyarsa har masu sharar asibiti suka san sunanta. Na yanke wa kaina hukunci cewa macen da ta fito daga wannan ba za ta sake ɗaukar majinyaci ba. Sai na ja bakina na yi shiru. (Mu malaman lakwal, wato makarantar boko, mun iya raɗa wa tsoro suna mai kyau. Nawa na kira shi "jiran lokacin da ya dace".)

Danginta suna wani ɗan ƙauye cikin duwatsun Muniyo, wanda ko direbobin tasha sai sun yi gardama kan hanyarsa. Gidajen na maƙale a jikin dutse, ƙasa da su kuma kwari ne kore shar, cike da dabino. Kowane gida da garkarsa, wato lambunsa na gado, kowace bishiya an san kakan da ya dasa ta. Na je a tsakiyar nunan dabino, cikin zafin nan na gab da saukar damina, sanye da farar babbar riga mai ƙaton aljihu a ƙirji. Wanta Bukar ne ya ɗauke ni a babur.

"Mushe," in ji shi (haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, daga Faransanci), yana kauce wa yashi, "a garinmu ba a tambayar baƙo takardunsa. Dabino za a miƙo maka. Ka ci, ka yaba, shi ke nan ka ci jarrabawa."

"Gida nawa za mu shiga?"

"Duk wanda ya ji kai ne mai neman Falmata. Kuma ko awaki sun ji."

A littattafan da nake koyarwa na sha karanta yadda Turawa kan hau ƙauyukan kan dutse, su bi gida-gida suna ɗanɗana giyar inabin da kowane iyali ke matsawa. Su kurɓa, su juya a baki, su furzar, mai gida kuma ya ji daɗi. Na daɗe ina yi musu dariya. Ran nan hassadarsu na yi. A Muniyo ba a furzar da abin da suruki ya miƙo.

Garkar farko ta Baffa Mele ce, ƙanen mahaifin Falmata, kuma waliyyinta. Dogon tsoho ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo faifai cike da jan dabino mai sheƙi.

"Wannan bishiyar mahaifinta ya dasa, Allah ya ji ƙansa," ya ce. "Bismilla, ɗana."

Na ɗauki ɗaya, na kai baki, na rufe da tafin hannu kamar mai kunya, na motsa muƙamuƙi, hannun kuma ya gangara zuwa aljihu. Na lumshe ido na ce ban taɓa jin zaƙi mai natsuwa irin wannan ba. (Ban san ma'anar zaƙi mai natsuwa ba, har yau.) Tsohon ya gyaɗa kai, ya turo faifan kusa.

Haka muka bi kwarin, garka bayan garka. Wani nasa rawaya ne mai ƙarfi, wani baƙi mai laushi kamar zuma, wani ya rantse nasa ko kasuwar Gidigir ba a kai shi, na gida ne kawai. Kowa ya gaya mini tarihin bishiyarsa, kowa ya ɗan soki ta maƙwabci. Ni kuwa ina ta rabon yabo kamar ranar ba da sakamako: wannan ƙamshi, wancan laushi, wancan asali. Ƙwaya ɗaya ba ta wuce maƙogwarona ba.

A garka ta ƙarshe na kusa tonuwa. Ya Gana, gwaggon Falmata, tsohuwa mai idon shaho, ta dubi ƙasa kusa da ni ta ce, "Kai ɗan nan, ina ƙwallayenka? Ko haɗiyewa kake, kamar raƙumi?"

"A aljihu nake tarawa, Gwaggo. So nake in shuka a gidana, in samu irin naku."

Kai, wannan ƙarya ta yi kasuwa! Tsohuwa ta yi guɗa, ta ce Falmata ta yi dace da mai hankali, ta ƙaro mini wani faifan. Aljihu ya yi nauyi har wuyan riga ya fara ja na gaba. Ƙudaje suka fara bi na da wata irin biyayya da ɗalibaina ba su taɓa nuna mini ba.

Sai la'asar ta yi. Masu garka suka taru a wani fili ƙarƙashin bishiyoyi, inda ƙasa ta ɗan gangara zuwa rijiya. Limaminsu ya tafi cin kasuwa. Baffa Mele ya dafa kafaɗata.

"Mushe, baƙo mai ilimi ba ya tsayawa a baya. Shige gaba."

Na yi ta kawo uzuri, suka ɗauka tawali'u ne. Na shige gaba, na ta da kabbara. Mai karatu ya san la'asar salla ce ta asirce: ba ƙira'a, ba motsi, ko kurciya ta yi kuka sai an ji. Na gama Fatiha da sura a zuci, na ce Allahu akbar, na sunkuya ruku'u.

Na farko ya faɗo kan tabarma, tim. Na biyu ya bi shi. Daga nan aljihu ya saki baki gaba ɗaya. Ja, rawaya, baƙi, cikakku da namansu, ba wanda haƙori ya taɓa, suka zubo, suka bi gangare ta tsakanin ƙafafuna zuwa sahun farko, kamar kowanne na neman mai shi.

Liman ba ya waiwaye, ba ya tsince-tsince. Raka'a huɗu na ja, ban san me na karanta ba. A sujadar farko goshina ya sauka kan wani mai laushi, na taso da shi a manne. A bayana wani ya yi tari irin na mai danne dariya, sai kuma shiru, kuma shirun ya fi tarin ciwo.

Na yi sallama, na juyo. Ba wanda ya dube ni. Kowa ƙasa yake kallo, inda dabinonsa yake. Baffa Mele ya miƙa hannu ya ɗauki wani ja, ya share masa yashi da babban yatsa, ya riƙe.

Muryar Ya Gana ce ta fito daga bayan bishiyoyi, inda mata suka yi tasu sallar.

"Tsoro yake ji! Yana zaton asiri muka zuba masa. Mele, ka ji? Mu ne za mu yi wa mijin 'yarmu magani a dabinon ubanta!"

Sai a lokacin na gane girman abin da na yi. Ni ina ganin ciwo nake ɓoyewa. Su kuwa a wurinsu baƙon da ya karɓi abincinka ya ƙi ci, ya ɓoye, ya riga ya faɗi abin da ya ɗauke ka. Gida-gida na bi na kira su masu sammu, ina murmushi.

"Baba," na ce, dabino na manne a goshi, "wallahi ba haka ba ne. Ciwon suga gare ni. An hana ni."

Tsohon ya daɗe yana juya jan dabinon a hannunsa.

"Falmata ta sani?"

"A'a."

"To." Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. "Allah ya ba da lafiya, Mushe. Bukar, mai da baƙo kafin rana ta faɗi."

Ɗazu ɗana, yanzu Mushe. A hanya, da muka hango fitilun Gure, Bukar ya ce, "Da ka ce ba ka ci, ai madara za a kawo maka."

Da na samu ƙarfin zuwa shagonta, labari ya riga ni. Tana kan keken ɗinki, ba ta daina taka shi ba.

"Jinya na iya ta, Malam," ta ce. "Da ka faɗa, da na san irin tuwon da zan tuƙa. Abin da ba zan iya ba shi ne zama da namijin da sai na laluba aljihunsa kafin in san halin da gidana yake ciki."

Ta gutsure zare da haƙori, ta ce in gaida gida. Daga baya ta auri wani mai sayar da kanwa. An ce gurgu ne, kuma an ce tun ranar farko da sandarsa ya je.

Ni dai ina nan, ina shan shayi ba sukari, ina gyara kurakuran yara da jan biro. Abin da na koya ba shi da yawa: in har mutum ya ƙudura zai ɓoye abu, to kada ya ɓoye shi a ƙirji, domin ko ba daɗe ko ba jima za a kira salla.