Buhu Biyun da Na Kai Tsibiri Cikin Aljihu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da amalanken jaki ya tona mini asiri a Tsibiri ba. Ni fa, malamin lissafi a Maraɗi, wanda yara ke miƙewa tsaye suna "Mushe, Mushe", wato "Malam" da Faransanci, in na shigo aji.

Ina da amini, Sani, tare muka tashi a Jiratawa. Ni na bi lakwal, wato boko, shi ya koma wurin dangin uwarsa a Tsibiri ya riƙe hauya. Lokacin aurena, shekara ashirin da 'yan kai ke nan, Sani ya kawo mini gudummawar buhun gero guda. Na yi godiya da baki, amma a raina na ɗan raina abin. A lokacin sabon ma'aikaci ne ni, ina soke biro a aljihun riga ina tafiya kamar ƙasa ta ci mini laifi, kuma buhu jika takwas ne kacal, wato sefa dubu takwas. Albashina na wata ɗaya zai sayi goma, har in sha tsire da canji.

To, a bazarar bara Sani ya kira ni zai aurar da babban ɗansa. Na ce alhamdu lillahi, ranar ramuwa ta zo. Kowa ya san al'ada: abin da aka yi maka, in ka isa, sai ka ninka. Na zauna na buga lissafina, takwas sau biyu sha shida. Na tahi banki na roƙi sababbin takardu masu ƙamshi, na sa a ambulan, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Maiɗakina Hadiza tana ƙulla zoɓon da take sayarwa, ta dube ni ta ce, "Mushe, ka dai tambayi kuɗɗin buhu yanzu?"

Na ce, "Hadiza, ke da zoɓo, ni da lissafi. Kowa ya tsaya kan sana'arshi."

(Wallahi haka na faɗa. Har yau in ta so ta kashe mini baki, wannan maganar take maimaitawa, da irin muryata.)

Kada ku ce ban san ana tsada ba. Ni ne ma shugaban masu kukan tsada a majalisarmu ta Sabon Gari. Amma rabona da taya buhun gero na manta. Kowace kaka Sani kan aiko mana da shi, in ya ƙare Hadiza ta riƙa awo tiya-tiya da kuɗin da nake ba ta, wanda a tunanina yana isa har da rara. Albashina kuwa ya ninka na da, saboda haka ni a ganina na ninka.

Ranar ɗaurin aure na zuba shadda, na hau kabu-kabu. Da a ce na miƙa wa Sani ambulan a ɓoye na zauna na sha fura, da yanzu ba ni da labari. Amma ina! Son a sani ya motsa. Na yafito sanƙira, mai shelar kyaututtuka, na raɗa masa cewa ran aurena uban ango ya ba ni buhun gero, yau ga shi na ninka masa. Har na ɗan danƙa masa na goro don ya ɗaga murya.

Ya kuwa ɗaga.

"Jama'a ku saurara! Mushe na Maraɗi, aminin uban ango! An ba shi buhu guda, ya maido biyu! Buhu biyu na hatsi, ba rabi ba, ba kwata ba!"

Sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Ashe baƙi sun ninka yadda aka zata, geron daka yana neman yankewa, mata na ciki hankalinsu a tashe. Sani ya taso ya rungume ni, idonsa ya kawo ruwa, yana cewa, "Ka hisshe ni kunya, ɗan'uwa." Ni kuwa ina murmushi ina gyaɗa kai ga jama'a, domin har lokacin ban ga inda matsalar take ba.

Kawun Sani, Baba Nomau, tsohon ma'aunin hatsi ne a kasuwar garin. Ya matso da amalanken jaki a bayansa ya ce, "Ɗana, ina aka sauke su? Tasha?"

Na zaro ambulan da yatsu biyu, na ce, "Baba, ga su nan."

Ya buɗe, ya duba, ya sake leƙa cikin ambulan ɗin, har ya kife shi ya girgiza. Nan ne na hango matsalar. Ya hau amalanke ya kaɗa jaki zuwa rumbun da yake awo, samari biyu majiya ƙarfi suka bi shi don ɗauko kaya.

Ban taɓa zaman da ya kai wannan tsawo ba. Mutane na zuwa suna gaishe ni, wani dattijo har yana nuna ni ga 'ya'yansa yana cewa su yi boko. Zufa ta jiƙe shaddar har ta manne mini a baya.

Can sai ga amalanke. Jakin yana tahowa da sauri har da ɗan tsalle, don babu wani nauyi da ya ɗauka. A tsakiyar amalanken ga buhu guda ya lanƙwashe wuya, ko rabi bai cika ba, samarin nan biyu na biye hannu na dukan cinya. Sanƙira, Allah ya saka mini, ya leƙa ya ce da ƙarfi, "Baba Nomau, ina sauran? Ko sawu biyu za ku yi?"

Baba Nomau ya ce, "Iyakarshi ke nan. Na ma ƙara mishi tiya guda don darajar shaddar."

Dariyar da aka yi, har matan cikin gida sai da suka leƙo ta kan danga. Na buɗe baki in yi bayani, na ji kaina ina cewa, "Ai a lokacin jika takwas ne..." Baba Nomau ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Mushe, wane lokaci? Mu nan tuwon yau muke tuƙawa." Na so ƙasa ta tsage in shige, har da hular.

Sani ne ya ja hannuna zuwa bayan rumbu. Ya aika aka buɗe geron da ya ajiye na iri, aka ci gaba da daka, abin da ya fi dariyar ƙona mini rai. Na fara ba shi haƙuri, ya tare ni, yana dariya yana share ido.

"Bari, Mushe. Kana zaton don mi nike aiko maka da hatsi duk kaka? Mun daɗe da sanin takardar nan taku ta rage auki. Hadiza ta sani, ni na sani. Kai ɗai ne ba a gaya ma ba."

A kan kabu-kabu na yi lissafin da ya kamata in yi tun tuni. Albashin da ya sayi buhu goma da, yanzu da ya ninka da ƙyar ya sayi biyar. Ashe shekara da shekaru zoɓon Hadiza da gonar Sani ke riƙe da Mushe, shi kuwa yana ta gyara kwala.

Wata uku na yi ina tsuke baki kafin na mayar wa Sani irinsa, buhu na gaske, a kan amalanke, ba sanƙira. Amma suna ya riga ya bi ni: ko yau na sauka Tsibiri sai in ji "Mushe Buhu Biyu, sannu da zuwa!" Na daina jin haushi, nakan amsa. Yanzu in aka ce an yi mana ƙarin albashi, ba na sayen tsire sai na kira Baba Nomau na ji nawa tiya. Kuɗin cefane kuwa, da hannu biyu nake miƙa wa Hadiza, in tsaya a gefe in ji ko lissafin ya fita.