Ranar da Na Kori Hadari

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da hantsin da na tsaya gaban mutanen gari guda na kori hadari ba. Kuma a shekarar fari.

Ni dai tun ina yaro Allah ya jarrabe ni da son ɗaukar hoton ƙasa. Ba na mutane ba, na ƙasa: fadama, tudu, gulbi, itacen da ke tsaye shi kaɗai. Wani kawuna mai fatauci ne ya kawo mini tsohon akwatin hoto daga Maraɗi, irin mai ƙafa uku da baƙin ƙyallen da mai ɗauka ke cusa kai a ciki. Mutane kan ce in ɗauke su, ni kuwa in ce su matsa sun tare mini gawo. (Har yau akwai dangin da ba su yafe mini ba.)

Lokacin farin nan na shekarun tamanin ina koyarwa a Isa, ina kuma neman auren Luba, 'yar limamin wani ƙauye kusa da Gatawa. Magana ta yi nisa, sa rana kawai ya rage. Baba Liman mutum ne mai sanyin hali, sai dai bai taɓa gane abin da ke kai ɗan mutum cikin baƙin ƙyalle da rana tsaka ba. Ranar nan na shirya zuwa gaishe shi, na sha farar riga, na ɗaure akwatina a bayan keke, wai ko da na ga wani abu a hanya.

Na kuwa gani. Dab da shiga gari, gabas da filin Idi, akwai wata gona da ƙasarta ta tsattsage kamar ƙasan tsohuwar tukunya. Geron ya fito ya ƙone a tsaye, ga gawo guda a tsakiya, rana kuma ta kwantar da inuwa cikin kowace tsaga. Kunya nake ji in faɗa, amma daɗi ne ya kama ni. Na ce gaisuwa ta jira. Na kafa akwati a bakin filin, na fuskanci gabas, na cusa kai.

Wanda bai taɓa shiga ƙyallen nan ba ba zai gane ba. Kana ciki, duniya ta ƙare. Komai a kife kake ganinsa, sama a ƙasa, ƙasa a sama, ga zafi, ga numfashinka cikin kunnenka. Na daɗe ina gyara, ina matsa wannan ina murɗa wancan. Na ji kamar gunaguni a bayana, na ɗauka garken Fulani ne ke wucewa, ban ko motsa ba.

Ina shirin ɗauka ke nan sai haske ya dusashe, inuwoyina duk suka ɓace. Wani baƙin girgije ne ya taso ya rufe rana. Raina ya ɓaci. Na danna dai don kada wahalata ta tafi a banza, sannan daga cikin ƙyalle, da iya ƙarfina, na ce, "Kai wanga hadari, mi nai maka? Allah ka kawar min da shi, ka kai shi can wani gari."

Gunagunin bayana ya tsaya cak.

Na zare kai na waiwaya. Gari ne gaba ɗaya a tsaye, sahu-sahu: tsofaffi ba takalma, magidanta cikin tsofaffin riguna, wasu sun sa su bai-bai, mata can baya da goyo. Roƙon ruwa suka fito, suna ta istigfari ƙasa-ƙasa, sun ga hadarin farko bayan makonni, hannuwansu na sama. Ni kuma ina tsaye daidai inda liman zai tsaya, cikin farar rigata mai guga. Wanda ya fi kowa kusa da ni Baba Liman ne.

Ƙyallen na nan rataye a kafaɗata.

"Malam," in ji shi a hankali, "mi kac ce?"

"Baba, da akwatin nike magana."

Ya mai da kallonsa sama. Kowa sama yake kallo, ni ma na ɗaga kai. Wallahi muna tsaye iska ta taso, hadarin ya yage biyu, ya lallaɓa ya yi arewa wajen Nijar. Rana ta dawo tas. Na san ikon Allah ne, ba bakina ba, amma je ka faɗa wa mutanen da suka ji da kunnensu.

Wani tsoho ya fito daga sahu ya nuna gonar da sandarsa. "Wagga gona da kaka ɗauka tawa ta. Sau biyu ina shuka ta bana." Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina jiran a ce in hau kekena in manta da hanyar garin, da Luba duka. Sai Baba Liman ya gyara rawani ya ce, "Tunda bakinka na da karɓa, tuɓe takalma, juya rigag ga, ka shigo sahun gaba. Kai kak kore shi, kai za ka kirawo shi. Batun ɗiyata kuwa, ba ni sa rana sai ruwa ya sauka."

"Za ni roƙa, Baba," na ce.

Ban taɓa roƙon Allah irin na wannan damina ba. Duk garin da aka fita roƙon ruwa tsakanin Isa da Sabon Birni, ina sahun gaba da riga bai-bai. Na koyi kallon gabas kamar manomi, na san zafin ganin hadari ya haɗu ya watse. Da farko don Luba nake yi, daga baya fuskar tsohon nan mai gona ce ke tsaya mini. Ranar da ruwa ya sauka, a tsakiyar kasuwa na durƙusa na yi kuka. Bai ceci geron shekarar ba, amma Baba Liman ya cika alkawari.

Hoton kuwa da na wanke shi, ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kyau ba, kuma hadarin da na kora ne ya ƙawata shi. (Na kai wa tsohon, ya duba ya ce ya fi son dami guda na gero.)

Har yanzu ina ɗaukar hoton ƙasa, gashina ya yi fari a kan haka. Abin da na koya shi ne, kafin ka cusa kai cikin ƙyalle ka waiwaya, ka kuma tambayi gonar wa kake kira kyakkyawa. Sunan mai korar hadari da aka laƙa mini dai bai goge ba. Ko jiya Luba ta shanya hatsi a tsakar gida, hadari ya haɗu, ta leƙo ɗakina ta ce, "Malam, taso ka yi mai magana, kai yaka ji."