Kafireta Mai Ƙwaƙwalwa da Amaryar Riruwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai amarya Riruwai ba, ko da kuwa na so in manta, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba. Lokacin ina koyon kanikanci a garejin maigidana, Oga Ɗanjuma, a shekarun da motocin Beljiyam suka fara cika mana gari. Na daɗe a hannunsa, hannuna ya faɗa, kaina kuma ya fara rawa. Ba abin da nake jira irin ranar da zai yaye ni, in je in buɗe nawa garejin.

Ana nan sai Sani, wani ɗan kasuwar shinkafa, ya shigo mana da wata jar mota da ya sayo daga Kwatano. Kai jama'a, mota! Ƙofa biyu gare ta, ga ta a kwance kamar ta lashi ƙasa, in ta yi gurnani sai ka ji har cikin haƙarƙarinka. Aibinta ɗaya, tana shaƙewa in an tsaya. Da muka ɗaga murfin injin sai muka ga kafiretarta duk wayoyi sun nannaɗe ta, sun bi sun shige wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera. Wannan akwatin shi muke kira ƙwaƙwalwa, shi ke auna wa injin man da zai sha.

Oga Ɗanjuma ko kallo na biyu bai yi mata ba. Ya ce, "A tsige wayoyin nan, a jefar da ƙwaƙwalwar, a ɗaura mata kafireta irin tamu. Mota da ƙwaƙwalwa, direba da ƙwaƙwalwa, wa zai bi wani?"

Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Na ce, "Oga, a yi haƙuri, wannan ba a cire ta, saita ta ake yi. In aka cire, an kashe wa motar rabin gudunta." (Ku tambaye ni inda na san haka. Sau ɗaya na taɓa ganin wani mai gyaran wayar mota yana yi a Kano, ina tsaye daga nesa ina shan rake.)

Oga ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushin nan nasa mai ban tsoro. Ya ce, "To, injiniya. Ranar Lahadi Sani zai kai ƙanwarsa gidan miji a Riruwai, kuma a wannan motar yake so. Saita ta. In ta kai amarya ta dawo lafiya, na yaye ka a gaban kowa. In ta ba ka kunya, ka ƙara shekara a nan."

Wallahi ji na yi kamar in yi tsalle. Na ce na yarda, har da bugun ƙirji.

Na duƙufa a kanta kamar zan haɗiye ta. Na wanke kafiretar tas, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na gano wadda ta tsinke na haɗa, na canja fulogi, na yi ta juya ɗan sukurun saita kafiretar har muryar motar ta daidaita. Amma kafin duk wannan, na yi mata abin da kowane bakanike a ƙasar nan yake fara yi wa motar Beljiyam, ba tare da ko tunani ba. Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon lagireto da ke tsare ruwa har sai injin ya ɗau zafi. Mu a wurinmu wannan kayan ƙasar sanyi ne, cire shi muke yi mu wurgar, wai kada mota ta tafasa. Na cire shi na cilla cikin tarkace, ban ma tuna na yi ba.

Na gwada ta a cikin gari da tsakar rana, ana zafi kamar me. Allah Sarki, mota ta zama ruwa! Ina taka totur tana amsawa. Na zagaya kasuwa ina hon, na bi ta gaban mai shayi ina ɗaga hannu, kowa na tarar sai na sanar da shi cewa ranar Litinin ni ma oga ne.

Ranar Lahadi na sha farar shadda, na kafa hula, don Sani ya ce tunda ni na saita ta ni zan tuƙa. Aka kwantar da kujerar gaba, amarya ta shige baya a lulluɓe, aka tura gwaggonta Inna Tabawa, wata dattijuwa mai ƙiba da baki, tana shiga tana faɗa. "Wannan mota ce ko akurki? Ɗan nan, ka tafi da mu a hankali, ni ban yi sallama da duniya ba." Sani ya zauna kusa da ni. Oga Ɗanjuma kuwa shi aka ɗauka ya kai kayan ɗaki a tsohuwar akori-kurarsa, ya riga mu tashi, gado da katifa a ɗaure a sama.

Muna fita daga gari na sake mata linzami. Daɗi! Bishiyoyi suna wucewa fiu-fiu, Sani yana ihu, "Ba ta wuta, injiniya!" Muka cim ma akori-kurar Oga tana tafe tana nishi. Na danna masa hon mai tsawo, na zuro hannu ta taga na yi masa alamar sai ka zo. (Wannan hannun, har yau in na tuna shi sai in ji kamar in sare shi.)

Muna shiga dajin Falgore hadari ya haɗo, ruwa ya goce, gari ya yi sanyi ƙalau. A nan ne ƙanshin turaren amarya ya fara gauraya da warin fetur. Na dubi madubi, sai na ga baƙin hayaƙi yana bin mu kamar muna ƙona taya. Allurar mai kuwa sai sauka take yi. Na ce a raina ai gyara murya take. Muka wuce Doguwa da ƙyar, muka kama hanyar Riruwai, muna fara hawan tudu ta yi tari, ta yi "fam!" har Inna Tabawa ta yi salati, sai ta mutu murus.

Na fito da saurina, ina cewa, "Ƙaramin abu ne!" Na zagaya baya na durƙusa ina leƙa salansa, na ce wa Sani ya tayar ya taka totur. Ya taka. Motar nan ta tattara duk baƙin da ke cikinta, da ruwa da toka, ta feso mini a fuska da ƙirji, sannan ta sake mutuwa.

Na zagayo gaba ina goge ido, na ɗaga murfin injin, na ɗora hannu a kan tiyon lagireto. Sanyi ƙalau, bayan duk wannan gudun! Nan take na tuna da ɗan ƙarfen nan da na cilla cikin tarkace. A cikin gari zafin rana ya rufa mini asiri, amma a kan hanya, ga iska ga ruwan sama, ba abin da ke tsare ruwa, injin ya ƙi ɗumi. Ita kuwa ƙwaƙwalwa, baiwar Allah, tunda ta ji sanyi sai ta ɗauka yanzu aka tayar da mota, ta yi ta ɗura mai har fulogi suka shaƙe. Aikinta ta yi daidai. Ni ne na yi mata ƙafar ungulu.

Sai ga akori-kura, ƙyat-ƙyat-ƙyat, ta tsaya a gefenmu. Oga ya sauko, ya dubi fuskata, ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Na ce masa a hankali, "Oga, ɗan ƙarfen lagireton nan ne da na cire." Ya ce, "To ai ni na koya maka cire shi. Amma ni in na cire, duka nake cirewa. Kai ka bar mata hankali, ka ƙwace mata riga."

Da igiyar da aka ɗaure gadon amarya aka ja mu. Haka muka shiga Riruwai, akori-kura a gaba, jar mota a baya, ni a kan sitiyari baƙi ƙirin sai idanu. Dangin ango sun fito tarya, mata suka ɗauki guɗa, suna hango ni guɗar ta tsinke ta koma shewa. Amarya da ya kamata a ji tana kuka, kafaɗunta sai rawa suke yi a cikin lulluɓi. Inna Tabawa ta fito tana dafa gwiwa, ta nuna ni ta ce, "Ku ba wannan ruwa da sabulu tukuna, shi ya fi amarya bukatar wanka."

Washegari Sani ya ce ba ya son ya ƙara jin sunan ƙwaƙwalwa. Oga ya miƙo mini sifana, da hannuna na tsige wayoyin da na sha wahalar haɗawa, ina ji kamar in yi kuka, don na san ba su da laifi. Da na gama na ɗago ina dubansa, ko zai tausaya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai baɗi, injiniya."

Shekarar nan kuwa na cika ta cif. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Yau ina da garejina, amma kafin in cire ko ƙusa ɗaya daga jikin mota, sai na tsaya na tambayi kaina: shin wanda ya sa ta a wurin, mahaukaci ne?