Ranar da Na Yabi Kaina a Gaban Matan Wudil

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi neman masu ba ni aiki, na ƙare ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige.

Sana'ata zane ce a kwamfuta: katin biki, takardar talla, da sitikar da ake mannawa a jikin roba ko leda. Tun ina jami'a a nan Wudil na koya, kuma ba yabon kai ba (za ku ga dalilin da ya sa nake tsoron wannan kalmar yanzu), hannuna yana da kyau. Bakin talla ne Allah bai ba ni ba. Idan aka tambaye ni me nake yi, sai in sunkuyar da kai in ce ɗan zane-zane ne, kamar wadda aka kama da laifi. Aiki ya ƙi zuwa. Yayana da ya saya mini kwamfutar har ya fara cewa idan ado zan yi da ita, gara ya mayar da ita shagonsa.

Akwai wani gurup na WhatsApp na mata masu sana'a a garin nan: masu turaren wuta, masu dambun nama, masu atamfa, har da malaman jami'a masu ɗan kasuwanci a gefe. Hajiya Talatu ce ke riƙe da shi, tsohuwar shugabar makarantar firamare wadda ta koma sayar da man shanu. Ba ta son hayaniya, kowa kuma shakkarta yake. Na daɗe a ciki, amma ban da amin ban taɓa rubuta komai ba.

Sai na tuna da ƙawata Rukayya, 'yar Dagumawa, wadda na yi wa sitikar yajinta, kuma ta sha gaya mini cinikinta ya ƙaru. Na kira ta na roƙe ta ta ɗan yabe ni a gurup ɗin. Ta ce ba matsala, amma ita ba ta iya tsara magana ba, in rubuta abin da nake so in turo mata.

Jama'a, kada Allah ya ba mai kunya damar yabon kanta a ɓoye. Na zauna na saki hannu. Na ce a duk Kano babu kamar wannan baiwar Allah. Na ce ga haƙuri, ga cika alkawari, ga sauƙin farashi, ga fara'a (ban san me ya kawo fara'a cikin zanen sitika ba). A sama kuma na rubuta: "Rukayya, ki tura wannan kamar ke kika rubuta. Don Allah kar ki ce ni na ba ki. Ki ƙara ɗan kuskure a rubutun don a yarda ke ce."

Na tura, na ajiye waya, na tafi na ɗora girkin rana ina ta jin daɗin dabarata.

Ina cikin yanka albasa Rukayya ta kira. Ko sallama ba ta yi ba, dariya kawai take kamar za ta shiɗe. Da ƙyar ta ce in duba inda na tura saƙon.

Gurup na tura.

Cikin gaggawa na danna gogewa, sai na goge wa kaina ni kaɗai. Wato saƙon ya ɓace daga wayata, amma yana nan daram a wayar kowa, kuma ba ni da sauran ikon taɓa shi. Ina kallo hotunan dariya suka fara zubowa. Wata ta tambaya ko ita ma zan rubuta mata nata. Wata malamar jami'a ta ce ita dai maganar ƙara kuskure ce ta kashe ta. Na yi hawaye, na ɗora wa albasa laifi.

Can sai ga saƙon murya daga Hajiya Talatu. Na ce shi ke nan, kora ta zo. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa kafin na kunna.

"'Yata, yabon ya isa haka, mun ji. Yanzu aikin muke son gani. Turo mana abin da kika zana, mu ma muna da ido."

Na tura hotunan aikina, har da na yajin Rukayya. Ita Rukayya kuma, Allah ya saka mata, ta rubuta cewa duk abin da na faɗa gaskiya ne, sai dai batun babu kamata a duk Kano, wannan ba ta zagaya ta gani ba. Aka sake kwashewa da dariya, amma wannan karon har da ni.

Da la'asar Hajiya ta kira ni. Bayan doguwar gaisuwa, ta tambayi iyayena da unguwarmu, ta ce tana son sitika a robobin man shanunta. Ta kuma ce mai sana'a ba ta ɓuya a bayan ƙawa, in riƙa faɗar abin da na iya da bakina, ba ƙari ba ragi. Da na kai mata aikin, da kanta ta ɗauki hotonsa ta saka a gurup. Daga nan masu turare suka biyo, sai masu biki, har daga Achika aka neme ni. Yau mafi yawan masu ba ni aiki matan da suka yi mini dariya ne, kuma kullum ina yi musu addu'a, musamman Hajiya, wadda da ta ga dama da kalma ɗaya ta gama da ni.

Abin da na koya shi ne, idan za ki yabi kanki, ki yi da sunanki, ki kuma tsaya inda gaskiya ta tsaya. Sannan ki duba sunan da ke saman waya kafin ki danna. Ni yanzu ko gaisuwar Juma'a zan tura, sai na karanta shi da ƙarfi tukuna.