Gumel ta Shiga Tukunya

"...Lafiya lau, amaryata. Ɗaga ƙafa, kin taka Kano!"

Malam Attahiru ne yake faɗa wa jikarsa Hassana haka, a rumbun albasarsa a Wurno. Yana saurayi ya gudo nan bayan an ci ɓangarensu a basasar Kano. Shekara hamsin ke nan, har Turawa sun zo sun zauna, shi bai gama yaƙin ba. Kullum sai ya jera albasa a ƙasa, kowace da sunan gari, ya sake gwabzawa. Bana abin ya yi tsanani, don ya ɗaure ƙunshinsa zai koma Kano ya mutu can. Hassana ta gani, ranta ya ɓaci, ta ɓoye.

"Angon da babu haƙori, kaka Kyauta ta aiko ni albasar miya. Ba ni waccan babba."

"Waccan Gumel ce, mai ƙafar agwagwa! Duba nan. Da Gumel ta bar abokan gaba ta dawo wajenmu da dawakinta, da mun rufe su ta gabas. Kwana bakwai an gama."

"Kai da anka ce ka riga dokinka isowa Wurno?"

"Dabarar yaƙi ce."

"To, Gumel ta juyo, kun ci. Sai mi?"

"Sai in zauna gidan ubana, in yi sarauta, in auri mata masu hankali."

"Ba ka zuwa Wurno ke nan."

"Me zan zo yi?"

"Ba ka ganin Kyauta bakin rijiya. Ba a haihuwar inna. Ni kau, wa za ya haihe ni? Wa za ya riƙa tauna maka goro, tsoho?"

Malam ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon albasar nan.

"Ni dai na gode ma mutanen Gumel da sunka ƙi ku," in ji Hassana, muryarta ta yi ƙasa. "Can ba ka da kowa sai kabarin mutanenka. Nan mu muna da rai. In ka tahi, wa ni ka zagi da sahe?"

Tsohon ya goge ido da hannun riga, ya ce yajin albasa ne. Sannan ya yi dariya, ya ɗauki babbar ya miƙa mata.

"Ungo Gumel, a yanka ta a miya. Ki biya ɗaki ki kwance ƙunshin nan, mummuna. Wa zai aure ki in na tafi?"