Gyaran Mai Caji

"Lafiya lau, bawana. Me ya koro ka daga Kuyello da taɓo har gwiwa?"

Da a ce wata rana ce, da Nu'uman ya rama nan take, don Lailatu 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, ba sa raga wa juna. Amma yau hankalinsa a tashe yake. Shi ne sakataren ƙungiyar manoman masara, gobe rabon taki, ga shi rumbun bayanan mambobi ya ƙi buɗuwa.

Ya ajiye kwamfutarsa a teburin shagonta na buga takardu da ɗaukar hoto ya zayyana mata komai. Wai caji kawai ya kai ta a cikin gari. Mai cajin, mutumin kirki, ya ga sabis ya kawo, sai ya sabunta masa manhajar ofis a matsayin gyara, kamar mai awon gero. To sabuwar kuwa ta ce ba ta san ƙaramar manhajar da ke buɗe sunayen ba.

Lailatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce dama wanda aka yaye da kunun kanwa ina shi ina kwamfuta. Shi kuma bakin bai mutu ba, ya ce tata kwamfutar ai ta girmi dajin Birnin Gwari, birai ma sun san ta.

"Tsohuwar ce dai ba a taɓa sabuntawa ba, ita kaɗai za ta buɗe maka," in ji ta, tana zare fulash ɗin da bayanan ke ciki daga tasa ta soka a tata. "Amma sai ka faɗa gaban jama'a waye bawan wani."

"Ke? Da kan nan naki kamar tulu?"

"To gobe ka karanta wa manoma sunayensu da ka."

Nan fa gumi ya karyo masa. Ya tuno fuskar dattawan da za su zo da buhunansu tun daga Tabanni, tsoro ya kama shi sosai. Ya dubi masu jiran hoto, ya yi ƙasa da murya ya ce shi ne bawan.

"Ban ji ba."

Ya daddage ya maimaita, har mai shayin ƙofa ya leƙo. Sai a lokacin ya lura firinta ta daɗe tana aman takardu a bayanta.

"Tun kana zagin kaina ta buɗe," in ji Lailatu.

Nu'uman ya fashe da dariya, ya zaro kwalbar zuma daga jaka ya dire mata. "Karɓi, uwar ɗakina. Allah ya isa tsakanina da gyara."